Karen Gadi a Gidan Haya: Yadda Za Mu Tsare Yaran Zango daga Ciwon Haukan Kare

Duk wanda ya san unguwannin da ke kewaye da fadar Asantehene a Manhyia cikin birnin Kumasi, daga Alabar da Yalwa har zuwa Sabon Zango, Asawase da Aboabo, ya san irin zaman da muke yi. Gida ɗaya, ɗakuna goma ko fiye, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. A nan ake wanki, a nan ake girki, a nan ake alwala, a nan kuma yara ke rarrafe. Mutanen Zango ba ma'abota kiwon kare ba ne tun asali, amma yau karnuka suna tare da mu. Masu shaguna da garejin makanikai suna ajiye su saboda ɓarayi, maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna kiwonsu, ga kuma waɗanda ba su da ubangida suna yawo tsakanin bola da bakin kwata. Saboda haka cewa "ni ba ni da kare" ba ta fitar da kowa daga wannan magana. Yaron da ke tafiya makarantar allo da sassafe da dattijon da ke fita sallar asuba hanya ɗaya suke bi da waɗannan karnuka.

Abin da addini ya ɗora wa mai kare

Malamanmu sun bayyana cewa Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, tsaron dabbobi da tsaron gona, kuma da yawa daga cikinsu sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. An kuma umarci a wanke ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki sau bakwai. Sai dai mutane da dama sun riƙe wannan ɓangare sun manta da ɗayan. A cikin ingantattun hadisai akwai labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, akwai kuma na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya ɗaure kare da guntuwar sarƙa a bayan shago, rana ta doke shi, ruwan sama ya doke shi, kaska ta cika masa kunne, ya ci amanar da ya ɗauko da hannunsa. Kuma cutarwar ba ta tsayawa kan dabbar. Karen da aka wulaƙanta shi ne ke zama rumbun cuta a gidan da mutum talatin ke kwana.

Kaska, ƙuma da ƙazuwa

Kumasi gari ne mai laima, damina biyu gare shi a shekara, kuma wannan yanayi ne ƙwari ke so. Kaskar kare tana maƙalewa a cikin kunne, a wuya, a hammata da tsakanin yatsu. Idan macen ta sha jini ta ƙoshi, takan kumbura ta kai girman ƙwayar wake, sai ta saki jikin karen ta shige tsagar bango ko ƙarƙashin katako ta zuba ƙwai dubbai. Shi ya sa za ka ga mutum ya wanke karensa tas, bayan mako biyu kaska ta dawo kamar ba a yi ba. Gyaran kare ba ya cika sai an gyara makwancinsa: a share, a wanke buhun da yake kwanciya a kai a shanya a rana, a toshe tsagogin bango.

A duba jikin kare kullum, ko da na minti biyar ne. A shafa bayansa da buroshi, a buɗe kunnuwa, a ɗaga ƙafafu. In an ga kaska, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali har ta fito da kanta duka, a jefa ta cikin kananzir. Kada a murje ta da farce, domin jinin da ke cikinta na iya ɗauke da cuta. A ɗaga leɓen karen a dubi dasashinsa. Na mai lafiya jaja-jaja ne. In ya yi fari fat, ga kasala da ƙin cin abinci, to jininsa ya ragu, sai a nemi likitan dabbobi.

Wanka sau ɗaya cikin mako biyu zuwa huɗu ya isa, da sabulun da aka yi don karnuka ko sabulu mai sauƙi. Omo da sabulun wanki suna busar da fata su jawo ƙaiƙayi. A yi wankan nesa da famfon da ake ɗiban ruwan sha, a keɓe masa bokiti da soso nasa, a tsane shi da tsumma ya bushe a rana.

Akwai ɓarna biyu da suka zama ruwan dare. Ta farko, shafa wa kare baƙin man mota idan gashinsa ya fara zuba saboda ƙazuwa. Man yana ƙona fata, karen kuma yana lashe shi ya shiga cikinsa. Ta biyu, yi masa wanka da maganin feshin koko ko na ƙwarin gona. Wannan guba ce da ke ratsa fatar karen da ta mai wankan, ragowar ruwan kuma yana gangarawa inda yara ke wasa. Ƙazuwa tana da maganinta a wurin likita, haka ma kaska da ƙuma. Kada kuma a ba kare farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane, domin yana iya lalata masa hanta ko ƙoda.

Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke zuba ƙwai a kan yashin da fitsari ko kashi ya jiƙa, ko a kan tufafin da aka shanya a ƙasa. Tsutsarsa tana huda fata ta zauna a ciki, wurin ya tashi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. 'Yan kwikwiyo ta fi kamawa, amma tana shiga jikin jarirai ma. Maganin abin shi ne shanya a igiya, guga da dutse mai zafi, da tsabtace inda kare ke kwana.

Kashi, ruwa da abinci

Kashin kare, musamman na ɗan kwikwiyo, yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. Yaron da ya yi wasa da ƙasar wurin ya kai hannu baki zai iya kamuwa, wata tsutsar kuma ta tafin ƙafa take shiga, ta bar jan layi mai ƙaiƙayi a fata. A kwashe kashin kowace safiya da shebur, a zuba a masai ko a binne, kada a tura shi kwata. A ba babban kare maganin tsutsa duk wata 3.

Ruwan sha mai tsabta kada ya yanke masa, a kwanon da ba a haɗa shi da na gida. Ragowar tuwo da shinkafa da wake ba laifi, amma a kiyaye abincin da albasa ta yi wa yawa, da cakulan, da ƙashin kaza dafaffe mai tsagewa ya soki hanji. Karen da ya ƙoshi a gida ba ya zuwa bola, kuma a bola ne yake haɗuwa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba.

Ciwon haukan kare

Duk abubuwan da aka lissafa suna da magani. Ciwon haukan kare kuwa, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Tana shiga ta cizo, ta yakushi, ko ta lasar wurin da ke da rauni, sannan ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane. Rauni ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi, wurin cizon yana masa zugi ko ƙaiƙayi, ya fara firgita. A miƙo masa ruwa, yana jin ƙishi amma maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture kofin. Ko iskar fanka ba ya so. A nan ne za ka ji ana cewa aljanu ne ko sammu, a yi ta yawon neman taimako, alhali damar ta wuce tun ranar cizon.

Ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da gudu ba. Wani yakan canza hali, mai faɗa ya yi laushi, mai sanyi ya fara cizon itace da ƙarfe, muryar haushinsa ta sauya. Wani kuma shiru zai yi a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala. Mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin don ya ciro. Kada a kuskura a yi haka. A sani kuma kyanwa tana kamuwa, haka tumaki, awaki da shanu. Mu da muka fi sakewa da kyanwa, muke kuma turke raguna a ƙofar gida, wannan ya shafe mu kai tsaye.

In kare ya ciji mutum

Abu na farko, tun kafin a nemi mai karen ko a fara cacar baki, a kai wurin ciwon bakin famfo a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai. In akwai aidin ko sifirit a zuba. Kada a sa barkono, toka, ƙasa ko ƙonannen gashin karen, kada kuma a ɗaure wurin tamau.

Abu na biyu, a tafi asibiti a ranar. Asibitin gwamnati na Manhyia yana kusa, ga kuma babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye. A faɗa wa ma'aikata ƙarara cewa cizon kare ne, a tambayi allurar rigakafin haukan kare. Mutane da yawa suna tsayawa a kemis a yi musu allurar tetanus su koma gida da kwanciyar hankali. Allurar tetanus aikinta daban, ba ta hana haukan kare. Ita ta haukan kare ana yin ta ne kashi-kashi, ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, da duk ranar da likita ya ƙara rubutawa, kuma wajibi ne a cika su. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska, wuya ko yatsu yake, likita na iya ƙara wata allurar da ake yi a cikin raunin kansa. Mai ciki da jariri duk ana yi musu.

Abu na uku, in karen na gida ne, a tsare shi a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10, a kuma sanar da likitocin dabbobi. Amma kada a ce sai an ga abin da zai same shi kafin a fara allura. In kuwa an riga an kashe shi, kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada kuma a fasa kansa, domin ƙwaƙwalwarsa ake aunawa a gane ko yana da ciwon.

Iyaye, a nan akwai magana ta musamman. Yaro yakan ɓoye cizo ko yakushi don tsoron duka, musamman in an sha hana shi tsokanar kare. Ku gaya wa 'ya'yanku tun yau cewa duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa ya zo ya faɗa, ba mai taɓa shi. Ku koya musu kada su jefi kare, kada su matsa kusa da mai cin abinci ko karya mai shayarwa, in kuma kare ya nufo su su tsaya cik, kada su ruga. Malaman makarantun allo da Islamiyya su ma su riƙa maimaita wannan.

Rigakafin yana jikin kare

Tun shekarar 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar farko ta wannan ciwo, yaron ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce aka mayar ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina mutuwa ta wannan hanya. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon yakan daina yawo. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta shawo kansa.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar haukan kare yana da wata 3, sannan a sabunta duk shekara, a ajiye katin. Hukumar likitocin dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma tana da ofishi a Amakom, jami'ar KNUST ma tana da makarantar likitancin dabbobi. Kuɗin allurar kare ɗaya bai kama ƙafar abin da ake kashewa kan mutum ɗaya da aka ciza ba.

Muna kira ga masu gidajen haya da kada su yarda a shigo da kare sai da katin allura. Muna kira ga fadar Sarkin Zango, masu unguwanni, limamai da 'yan majalisar unguwa da su gayyato likitocin dabbobi su zo har gida a yi wa karnuka da kyanwoyi allura a rana ɗaya, a kuma matsa wa hukumar birni ta kwashe bolar da ke tara karnuka. Kai kuma mai kare, in ka san ba za ka iya ciyar da shi, wanke shi, da kai shi allura ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: nemi wata hanyar tsaron dukiyarka. Allah ya tsare mu da zuriyarmu.