Yadda aka shata iyakar Ƙonni da Illela a teburin Turawa

Kun sha tambayarmu: wa ya raba Birnin Ƙonni da Illela ta Najeriya, alhali harshe ɗaya, dangi ɗaya? Ba kakanninmu ba ne. Faransa da Ingila ne, waɗanda suka ci ƙasashen nan da yaƙi, kana suka zauna rabo.

A ranar 14 ga Yunin 1898, a birnin Paris, suka sa hannu kan wata yarjejeniya. Suka ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya, suka zana da'ira mai nisan mil 100, wato kusan kilomita 160, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni kuwa ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, don haka ita da Malbaza suka faɗa ɓangaren Ingila. Amma takarda ba ta hana sojojin Voulet da Chanoine ƙona Ƙonni a watan Mayun 1899 ba.

To, me ya canza? Ruwa. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a 1903, sai aka koma ciniki. A yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904, Faransa ta saki wani haƙƙin masunta da take da shi a gaɓar Newfoundland, kusa da Kanada. Cikin abin da ta karɓa a madadi har da tura iyaka kudu. Ka ji fa, kifin wani teku mai nisa na cikin abin da ya sa yau muke Nijar.

Yarjejeniyar Landan ta 29 ga Mayun 1906 ta daidaita layin. Daga nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi shi a ƙasa, aka kafa alamomi 148 har tafkin Chadi. Ba a kira Sarkin Ƙonni ko Sarkin Musulmi teburin ba. A 1964, a Alƙahira, shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su.

Shi ya sa duk sa'ad da aka rufe iyakar nan, kamar 2019 da 2023, mai albasar Galmi da mai zuwa biki Sakkwato ke fara ji a jikinsu. Masu mulki na Yamai da Abuja, in za ku zauna kan iyaka, ku tuna da mu da ke kwana a bakinta.