Kada wayarka ta kurumce a bayan Ɗan Barto

Motar da ta taso daga Damagaram za ta Kano, ta Tirmini take fara ratsawa, ta kwashi masu jira a bakin titi, ta kai Takeita ta karya kudu, ta bi Kance da Matamaye har Ɗan Barto. Daga nan sai Kongolam, Mai'aduwa, Daura, Kazaure, kafin la'asar in hanya ta yi kyau an shiga Kano. Harshe bai sauya ba, tuwo bai sauya ba, ko agogo ba a taɓa shi. Abu biyu ne ke sauyawa: kuɗin da ke aljihunka, da rezon da ke wayarka. Na farko kowa ya san da shi, tun daga iyaka 'yan canji ke tare mutum. Na biyun ne ake mantawa, sai an sauka a tasha, ana so a kira wanda zai zo tarya, a tarar waya ta yi tsit, ko kuma kuɗin da aka zuba mata jiya sun ƙone ƙurmus ba a kira kowa ba.

Tafiyar mutanenmu zuwa Kano gajeriya ce, kwana biyu, uku, da wuya ta wuce mako. Wani sarin atamfa ya kai shi Kantin Kwari gabanin salla, wani kayan masarufi a Singa, wani hatsi a Dawanau. Wata ta rako tsohonta asibitin ido na ECWA ko asibitin Malam Aminu Kano, wani ya je dubo ɗansa a makarantar allo. Dukansu yanzu da waya suke aiki. Ɗan kasuwa yana ɗaukar hoton zane ya tura gida a zaɓa kafin ya biya. Mai jinya tana tura saƙon murya a san abin da likita ya ce, a kuma san nawa za a ƙaro. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa a Kano ta waya ake biyansa, mai kanti ba ya sakin kaya sai ya ga shaida. Wanda ba shi da intanet a irin wannan kasuwa, rabin aikinsa ya tsaya.

Ga abin da ke faruwa a cikin wayar. Layinka na Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, dogayen ƙarafunansa a cikin Nijar suke. Da ka yi nisa da su, wayar za ta nemi wani kamfani na Najeriya ta roƙe shi masauki. Fatoma ke nan irin na fatake: ya sauke ka, ya haɗa ka da wanda kake nema, amma da la'adarsa. Kamfanin can yana rubuta duk abin da ka ci, ya aika wa kamfaninka na gida, shi kuma ya ɗora nasa ya cire daga kuɗinka. Yawanci ma intanet ɗin da kake amfani da ita sai ta zaga ta gida kafin ta iso maka, shi ya sa ga tsada ga nauyi. Kuma megar da ka saya a Tirmini ta mako ko ta wata, a mafi yawan tsare-tsare, ta cikin ƙasa ce kawai. Tana nan kwance ba ta motsi, wayar kuwa tana cin tsabar kuɗinka da farashin baƙunta.

Abin takaicin shi ne waya ba ta jiran izni. Tana aljihu kana barci a mota, ita tana saukar da bidiyon da aka turo a zauren dangi, tana sabunta manhajoji, tana loda hotuna. Ba ma sai an ƙetare ba: a ƙauyukan bakin iyaka, waya kan kama rezon makwabta kana tsaye a ƙasarku. Don haka aikin farko, tun a Matamaye, shi ne a shiga saitin waya a kashe intanet ta layin gida, a tabbatar maɓallin amfani da ita a ƙasar waje a rufe yake. Layin kansa a bar shi a kunne.

Wani zai ce ai Airtel na nan, Airtel na can, me ya raba su? Suna ɗaya ne, amma kamfanoni biyu ne, kowanne da lasisinsa da hukumar da ke sa masa ido, ARCEP a Yamai, NCC a Abuja. Manya suna tuna zamanin Celtel, wanda a 2007 ya shigar da Nijar da Najeriya cikin tsarinsa na One Network, mutum ya ƙetare da layinsa ya amsa kira ba a cire masa komai ba. Celtel ya zama Zain a 2008, Zain ya zama Airtel a 2010, kuma wancan zamani na kira ne da ɗan saƙon rubutu, ba na bidiyo ba. Kada ka hau mota da labarin da. Ka shiga ofishin kamfaninka a Damagaram, ko ka kira su, ka yi tambaya uku: layina a buɗe yake a waje? Nawa ne amsa kira a Najeriya? Kuna da megar tafiya, ta kwana nawa, nawa ne kuɗinta? In akwai, a saye ta tun a gida.

Gwamnatoci sun yi ta alkawarin rage wannan nauyi. A Disamba 2017 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙa'idar cewa matafiyi a ƙasashenta zai amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma kira da farashin 'yan gari. Aiwatarwa ta yi jan ƙafa, sai ƙasashe bibbiyu suka riƙa ƙulla tasu, kamar Gana da Kodebuwa a 2023. Mu kuma siyasa ta bi da mu wata hanya. An rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka buɗe ta a Maris 2024, Nijar ta fice daga CEDEAO a 29 ga Janairu 2025. A Nuwamba 2024, a Yamai, hukumomin sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu kan cire kuɗin baƙunta a tsakaninsu. Abu ne mai kyau ga mai zuwa Wagadugu ko Bamako. Amma mutumin Tirmini sau nawa yake zuwa Bamako? Ƙafarsa Kano take, kuma wannan yarjejeniya ba ta shafi Kano ba.

Saboda haka mafi araha shi ne intanet ta 'yan gari, MTN ko Airtel ko Glo. Ko da ƙarin farashin da NCC ta amince da shi a farkon 2025, mai riƙe da sefa ba zai ji giga ɗaya ko biyu a jikinsa ba. Wahalar tana wajen samun layin. Tun Disamba 2020 Najeriya ta ɗaure kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kuma an rufe layukan da ba a haɗa ba. Ƙa'idar ta bar wa baƙo mai ɗan gajeren zama ƙofa ta yin rajista da fasfo, amma wannan aikin babban ofishin kamfani ne, ba na mai laima a bakin titi ba, kuma da yawa daga cikin masu bin wannan hanya da katin ɗan ƙasa kawai suke tafiya.

A nan ne ake faɗawa tarko. Wani yaro zai matso a tasha ya rage murya ya ce, "Alhaji, akwai mai rajista, sa wa kawai za ka yi." Kada ka saya. Haramtacce ne a dokar Najeriya, ba ka san sunan wa ke kansa ba, ba ka san abin da aka aikata da shi ba. A yankin da jami'an tsaro ke bin sawun masu garkuwa da mutane ta lambar waya, layin da ba ka san asalinsa ba bai kamata ya kwana a aljihunka ba. Ko ba wannan, ana iya rufe shi gobe da megarka a ciki, ba ka da bakin ƙara.

Hanyar da na fi yarda da ita ga mai kwana biyu ko uku ita ce ta mai masauki. Ka ba shi kuɗi ya sayi mega a layinsa, ya buɗe maka ta wayarsa ka jona taka. In 'yan kasuwa ne ayari guda, ƙaramin akwatin intanet na aljihu ɗaya ya ishe su. Aron layin ɗan'uwa ma ana yi, sai dai a tabbatar ba shi ne ke haɗe da asusunsa na banki ba, don kada zumunci ya ɓaci in wani abu ya ɓata. Wanda ya samu layin Najeriya, tun 2023 lambobin aiki iri ɗaya ne a duk kamfanoni: *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen mega, *323# duba abin da ya rage.

Wayoyinmu, Tecno da itel da Infinix, kusan duk masu layi biyu ne, kuma wannan alheri ne. Layin gida ya zauna a ɗakinsa don amsa kira da saƙonnin lambar sirri, na Najeriya ya ɗauki intanet. Mai layi ɗaya kuwa, in ya zare ɗan katin nan da bai kai farce ba, kada ya jefa shi a aljihun riga tare da goro da canji. A naɗe shi a takarda, a sa a bayan rigar waya. Allura ko tsinken ɗan kunne suna buɗe ma'ajiyar in babu mabuɗinta.

Sai babban kuskuren da ake yi da WhatsApp. An sa sabon layi, sai mutum ya ɗauka dole ya sauya lambarsa, ko wani mai gyara ya sauya masa. Babu buƙata. WhatsApp yana ci gaba da aiki da lambarka ta +227 ko da wace intanet ka jona shi, ko da layin ma ba ya cikin wayar. In ka mayar da shi kan lambar aro ta +234, ranar da layin ya koma hannun mai shi ko aka rufe shi, abokan cinikinka za su neme ka su rasa. Kada kuma a goge manhajar a sake saukewa a kan hanya, don za ta nemi lambar tabbaci ta layin gida, wadda mai yiwuwa ba za ta iso ba. Kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, ɓarawo ne, ko da ya ce daga kamfani yake.

Mega ba ta ƙarewa a banza, akwai masu cinta. Rubutu ba ya cin komai. Kiran murya na minti ɗaya bai kai mega 1 ba. Kiran bidiyo yana ninka wannan sau da yawa, awa ɗaya ta TikTok kuwa ɗaruruwan mega ce. A hana WhatsApp saukar da hoto da bidiyo da kansa, a sauke taswirar Kano ta Google Maps tun a gida don tana aiki ba intanet, giga 1 za ta yi kwana uku har da saura. A kuma rubuta lambar mai masauki da ta gida a takarda, don batir ba ya sallama kafin ya mutu. Af, batun caji: bakin soket ɗinmu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, na Najeriya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wutar kuma ba ta da tabbas. Ɗan mahaɗi da batirin ajiya su shiga jaka.

Masu tafiya mai nisa lissafinsu daban ne. Mai zuwa Umra zai tarar da STC da Mobily da Zain tun a filin jirgin Jidda ko Madina, ana ba da layi da fasfo da zanen yatsa, kuma yana buƙatarsa, don izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nemansa. A Dubai saƙon WhatsApp na rubutu da na murya suna tafiya, amma kira ba ya shiga, sai ta irin su Botim; a gaya wa iyali tun kafin a tashi, kada su ɗauka wani abu ne ya faru. A Guangzhou ta ƙasar Sin, layin gari ba ya buɗe WhatsApp, ko Facebook, ko Google, 'yan kasuwa da WeChat suke magana. A nan zagayen da intanet ta baƙunta ke yi ta gida ya zama riba, domin layin waje yakan buɗe abin da na gari ya rufe.

Irin waɗannan matafiya ne eSIM ke yi wa amfani, wato layin da ba shi da kati, ana saye a intanet a ɗora shi a waya kafin a tashi. Sai dai yana son katin banki, yawanci ba ya zuwa da lambar kira, kuma ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. iPhone daga XS na 2018 da manyan Samsung daga S20 suna yi, yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu ba sa yi. A danna *#06#, in lambar EID ta fito, wayar na ɗauka. Masu sayen wayar hannu ta biyu su lura: iPhone 14 da na bayansa da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin kati kwata-kwata, wasu wayoyin kuma a kulle suke ga kamfani ɗaya.

Wanda ya yi sa'ar mallakar layin Najeriya da sunansa, ya sani layi ba ya jiran mai shi har abada. In ya yi watanni ba kira ba kati, kamfani zai janye shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kano sau biyu a shekara, gabanin ƙaramar salla da babba, zai iya tarar da lambar da ya raba wa masu kanti tana hannun baƙo. Ya riƙa sa wani a can yana tura masa ɗan kati lokaci-lokaci, in ya je kasuwar Mai'aduwa ko wani gari na bakin iyaka ya ɗora layin ya yi kira ko da na minti ɗaya ne.