Yini Guda A Kwazazzabon Gurara, Kogin Da Abuja Ke Sha

Daga Wakilinmu na Arewa

 Duk wanda ya taso daga kurmi ta hanyar Lakwaja, da ya hango Dutsen Zuma ya san ya kusa gida. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa, in aka saki hanyar Kaduna bayan Suleja aka bi ta Minna, akwai wani abin al'ajabi da bai kai tafiyar awa guda ba. Wannan shi ne mafaɗar ruwan Gurara, a Jihar Neja, daf da iyakar Babban Birnin Tarayya.

Na tashi daga tashar Zuba da sassafe. Muka wuce Madalla da Dikko da Lambata, na sauka a ƙauyen Bonu, inda wani saurayi Bagwari ya yarda ya yi mini jagora. Tun ba mu ga ruwa ba muka fara jin rugugi kamar na hadari. Da muka ɓullo, sai ga kogi ya bazu a kan baƙin dutse mai faɗin wajen mita 200, yana zubowa daga tsayin wajen mita 30, wato kusan ƙafa 100. Ya faɗa cikin kwazazzabo, feshi yana tashi kamar hayaƙi.

Gangarawa ita ce aiki. Duwatsun santsi gare su, ga gansakuka. Na zo da takalmin ofis, sai jagorana ya dube ni ya ce, "Malam, ko ka tuɓe, ko ka koma." Na tuɓe. Muka bi gaɓa muna dafa dutse da saiwar itace har rana ta take, gwiwa tana rawa, kafin muka kai inda ruwan ya kwanta.

A nan muka iske wani dattijo masunci da kwalekwalensa. Na ce, "Baba, ko za ka matsa da ni kusa da mafaɗar?" Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, mu da aka haifa a nan ba mu yi." Ya ce a ƙarƙashin kumfar ruwa juyawa yake yi, abin da ya ja ba ya saki da wuri. Sai ya bi da ni ƙasa-ƙasa, inda gaɓa ta yi tsawo dama da hagu, itatuwa suka yi rumfa, ba ka jin komai sai filafili da kukan tsuntsaye. Ni da na yi ta'adar hayaniyar tasha, sai na ji kamar an sauke mini kaya.

To, jama'a, wannan kogi ba na kallo ba ne kawai. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar mai da babban birni daga Ikko zuwa Abuja, aka kuma tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa, ya koma Suleja. Sabon birni ya dogara ga madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa. Da jama'a suka yi yawa Usuma ta kasa, sai aka datse Gurara can sama a Jihar Kaduna, aka shimfiɗa bututu na wajen kilomita 75 yana kai mata ɗauki. Ashe wanda ya kunna famfo a Wuse ko Garki, da ruwan Gurara a cikin moɗarsa. Mutumin da ya sha rake da lemo ya watsa leda da kwalba a gaɓa, kamar yadda na gani da idona, ya ci amanar kogin da ke shayar da mu.

Ga mai niyyar zuwa, ga shawara. Daga Yuli zuwa Satumba kogin ya cika ya batse. Kallo ya fi kyau, amma daga nesa, ba shiga jirgi, ba wanka. Daga Janairu zuwa Maris ruwa ya ja, nan ne ake iya gangarawa da yara. Kada ka tafi ba ɗan gari. Ka sa riga mai dogon hannu, domin baƙin ƙuda mai jawo makanta a irin wannan ruwa mai gudu yake hayayyafa. Ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi, ka kuma bar wurin kafin la'asar sakaliya. In masunci ya ce kada a matsa, kada a matsa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Yaranmu da aka haifa a Agege da Sabo ta Badun sun san teku da gadar sama, amma Arewa a wurinsu ƙura ce da zafi. In Allah ya kawo ku gida hutun nan, ku ware yini guda ku kai su su gani. Allah ya kawo ku lafiya, amin.