Lalurar BCM a motar aiki: Yadda ake gano ta da abin da ya kamata a sani kafin a sauya

Ɗan kasuwar da ya dogara da motar ɗaukar kaya ya san cewa ranar da mota ta kwanta, ranar ciniki ma ya kwanta. Akwai wata irin lalura da ke ruɗa mai mota da makanike baki ɗaya: inji lafiya ƙalau, amma waifa ta kama aiki ba ruwan sama, ƙofofi su kulle kansu, fitilar ciki ta ƙi mutuwa, da safe kuma a tarar batir ya sauka. A gareji, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne “kwamfuta ta ƙone”. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa ba haka ba ne, kuma mai motar ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Mene ne BCM?

Motar zamani na ɗauke da ƙananan kwamfutoci da dama. Wadda aka fi sani ita ce ta inji, mai kula da mai da wuta. BCM ita ce kwamfutar jikin mota, wadda ke kula da fitilu, sigina, waifa, ham, gilashin ƙofa, makullan ƙofofi da ƙararrawar ɓarayi. A wasu motocin tana da hannu a tantance makulli, ta yadda idan ba ta amince da shi ba, inji ba zai tashi ba.

A tsofaffin motoci, waya ce ke tashi daga makunni ta tafi kai-tsaye zuwa fitila. A na yanzu, makunni saƙo kawai yake aika wa BCM, ita kuma ta ba fitilar wuta. Tana musayar bayanai da sauran kwamfutoci ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986.

Sunanta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A Ford Transit BCM ce, a Mercedes Sprinter SAM ake ce mata, a Renault UCH, a Peugeot da Citroën kuma BSI, sunan da masu Peugeot 307 da 406 suka daɗe da sani. Galibi tana ƙarƙashin dashbod, a haɗe da akwatin fiyus ko kusa da shi.

Alamomin da ke nuna ta

Idan abu ɗaya ne ya daina aiki, kamar fitila guda ko gilashin ƙofa guda, da wuya laifin BCM ne; ƙwai, fiyus, makunni ko waya za a fara tuhuma. Zargi yana ƙarfi ne idan abubuwan da babu abin da ya haɗa su sai ita suka rikice a lokaci guda, misali sigina da waifa da makullan ƙofa, ko kuma wani abu ya ci gaba da aiki bayan an zare makulli.

Sai dai raunin batir da sakin wayar at, wato wadda ke haɗa batir da ƙarfen jikin mota, suna haifar da irin waɗannan alamomi sak. Shi ya sa gyara na gaskiya ba ya farawa daga kan kwamfutar.

Matakan bincike

Na farko shi ne batir. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.7 a yawancin motoci. Wutar da ta yi ƙasa tana sa kwamfutoci shirme, wadda ta yi sama saboda lalacewar altaneta kuma tana iya ƙona su.

Na biyu shi ne fiyus da wayoyin at. BCM tana samun wuta ta fiyus fiye da ɗaya, don haka ƙonewar guda na iya kashe rabin ayyukanta ya bar rabi. Ƙusar at da ta yi tsatsa ko ta yi sako-sako ita ma tana sa wuta ta bi hanyar da ba tata ba.

Na uku shi ne duba soket ɗin kwamfutar da ido. Koren tsatsa ko farin gari a kan haƙoransa alama ce ta shigar ruwa, daga bakin gilashin gaba da ke yoyo, ko magudanar ruwa da ta toshe, ko wanke cikin mota da tiyo. A motar aiki kuma a duba wayoyin da ke ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jiki. Ƙofar da ake buɗewa sau da yawa a yini tana karya su a hankali, su riƙa haɗuwa suna rabuwa.

Na huɗu shi ne ɗora na'urar bincike a soket mai haƙora 16 da ake kira OBD, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996. A nan akwai abin lura: ƙaramar na'ura mai araha galibi kwamfutar inji kaɗai take karantawa. Ana buƙatar wadda ke shiga dukkan kwamfutocin motar. Lambobin da suka fara da B na jikin mota ne, masu farawa da U kuma na sadarwa ne. Lambar U0140, alal misali, na nufin wata kwamfuta ta daina jin BCM. Wannan bai tabbatar da mutuwarta ba, domin yankewar wutarta ko ta wayar CAN ma na kawo lambar. A yawancin motoci, idan aka cire batir aka auna tsakanin haƙori na 6 da na 14 na soket ɗin, lafiyayyen layi yana nuna kusan om 60.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne kallon abin da ke shiga da abin da ke fita. Idan aka taɓa makunnin waifa, na'ura ta nuna BCM ta ga saƙon, wutarta da at ɗinta lafiya, wayar da ke zuwa waifa lafiya, amma ba ta fitar da wuta ba, to laifi ya tabbata a kanta.

Game da zuƙe batir kuwa, ana kulle mota a jira kwamfutoci su yi barci, abin da kan ɗauki mintuna da dama, sannan a auna. Yawanci bai kamata abin da take ja ya wuce kimanin miliyamfiya 50 ba. Idan ya wuce, sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Sau da dama ɓarawon na'urar bin sawu ce, ko rediyo, ko ƙarin fitilu da aka jona daga baya.

Me ke kashe ta?

Ruwa na kan gaba. Sai juya kan batir wajen jona mota da wata, da yin walda a jikin mota ba tare da cire batir ba, da tsohuwar ɗabi'ar zare kan batir inji na aiki don gwada altaneta. Wannan gwaji ya yi amfani a zamanin motocin da ba su da kwamfuta, amma a motar yau yana iya tura wuta mai ƙarfi ta ƙone kwamfuta fiye da ɗaya. Haka nan ɗaura waya a madadin fiyus da ya ƙone: fiyus mai arha ya tsira, kwamfuta mai tsada ta tafi.

Sanin musabbabi wajibi ne, domin sabuwar da aka ɗaura a inda ruwa ke ɗiga ko waya ke haɗuwa, hanyar tsohuwa za ta bi.

Idan sauyi ya zama dole

Zaɓi uku ne: gyara tsohuwar idan ɓarnar kaɗan ce, kamar rile da ya maƙale, sayen sabuwa, ko sayen ta hannu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Ko wanne aka ɗauka, lambar da ke jikin kwamfutar ce abin dubawa, ba kamanninta ba. Motoci biyu iri ɗaya na iya bambanta a shekara, inji da kayan da aka ƙera su da su.

BCM ba kamar batir ba ce da za a cire a ɗaura a tafi. Tana ɗauke da saitin motar, a wasu kuma har da lambar shasi da bayanan makullai. Sabuwa tana zuwa babu komai a cikinta, sai an loda mata. Ta hannu tana ɗauke da bayanan wata motar, kuma za ta iya hana inji tashi har sai an kwafe na tsohuwar zuwa cikinta ko an sake saita ta. A wasu motocin Peugeot, BSI tana riƙe adadin kilomita, kuma ɗaura ta hannu na iya ɗaga lambar da ke kan dashbod.

Don haka ƙwararre yana kwafe bayanan tsohuwar kafin ya cire ta, idan har tana amsawa. Yana cire kan batir kafin ya zare soket, yana tabbatar da wuta ba za ta yanke ba yayin lodawa, kuma yana buƙatar dukkan makullan motar a wurin, domin wanda ba a yi wa rajista ba zai iya daina aiki. Bayan an gama, a goge lambobin kuskure, a gwada kowace fitila da ƙofa, a sake auna abin da mota ke ja tana kulle.

Abin da ya rage ga mai mota

Mai mota ba sai ya iya riƙe mita ba, amma yana da haƙƙin tambaya. Nawa batir ya nuna? Waɗanne lambobi suka fito? Me ya kashe ta? Wa zai loda sabuwar, kuma kuɗinsa na cikin lissafi? Ya kuma yi yarjejeniya da mai sayar da ta hannu cewa za a dawo da ita idan ba ta yi ba, sannan ya karɓi tsohuwarsa ya adana, domin bayanan da ke cikinta na iya zama abin nema nan gaba. Mai gyaran da ya yi bincike zai amsa waɗannan tambayoyi cikin sauƙi, wanda ya yi cinke kuwa a nan ake gane shi, tun kafin kuɗi su fita.