Biza Ba Igama Ba Ce: Ku Karanta wa Kaka Takardarta Kafin Ta Tashi

Daga Bebeji zuwa Kwanar Ɗangora a Kiru, ka ɗauki hanyar Tudun Wada har ka ratsa dajin Falgore ka shiga Doguwa, da wuya ka sami garin da ba za a nuna maka wani gida a ce "ai wance tana Makka" ba. Wasu aikatau ya kai su, wasu fatauci. Akwai kuma dattawan da burinsu ɗaya ne: su sayar da gona ko 'yan shanu, su tafi Umara, su yi zamansu har ajali ya riske su a Madina, a binne su a Baƙi'a. Mu ba mu ga laifin wannan buri ba. Amma takardar da ke hannunsu ba ta ba su wannan izini ba, kuma sau da yawa babu wanda ya karanta musu abin da ke cikinta. A gidaje da yawa ku ne masu karatun, ku ake miƙa wa waya a ce "duba mini."

Kakannin kakanninmu ba su san biza ba. A ƙasa suke tafiya, ta Borno da Chadi da Sudan, suna noma a hanya, wani sai ya yi shekaru kafin ya ga Ka'aba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun ci gaba da tafiya gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Waɗanda suka isa Hijaz tun da wuri suka zauna, jikokinsu ne 'yan Saudiyya masu laƙabin Hausawi, irin su Usama Hausawi da ya taɓa jagorantar ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar. Wannan tarihi ne yake sa tsofaffi ganin kamar ƙofar tana nan a buɗe. An daɗe da rufe ta.

Yau abu biyu ne, kuma dole ku bambanta su. Biza izinin shiga ce, don wata manufa, na wani lokaci. Igama kuwa katin zama ne, kuma akasari sai da kafili: kamfani, ko maigida, ko makaranta da ta ɗauki nauyinka. Bizar Umara, wadda aka ƙara wa'adinta daga kwana 30 zuwa 90 a 2022, ta ibada ce. Ba a aiki da ita, ba ta kuma rikiɗa ta zama igama don mutum ya daɗe. Duk ejan ɗin da ya ce wa Baba "ka dai shiga, a can za a gyara," kuɗin gonar kawai yake hange.

Ko kwana 90 ɗin ma akwai tarko a ciki. Kowace shekara hukumomin Saudiyya suna sa ranar da duk mai bizar Umara zai fice kafin aikin Hajji. A 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu, wato 1 ga Zulƙida. Wanda ya shiga da azumi yana lissafin yana da wata uku, ashe kwanakinsa ba su kai haka ba. Sannan takardun can sukan zo da kwanan watan Hijira, wadda shekararta ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Darasin da malamin Islamiyya ya koya muku na jerin watanni, ga ranarsa ta zo.

Hukuncin wanda ya zarce wa'adi ba wasa ba ne: tarar da za ta iya kai riyal 50,000, ɗaurin da zai iya kai wata shida, sannan a koro shi. Kafin jirgi, sai ya yi zaman Tarhil, sansanin Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. An ɗauki hoton yatsunsa tun ranar da ya sauka, saboda haka canza suna a sabon fasfo ba ya ɓoye kowa. Ɗan takarin da bai shiga hannu ba ma ba hutawa yake ba. Ba ya zuwa asibiti hankali kwance, in ya hango askar sai ya sauya lungu. Ku yi tunanin tsohuwa mai hawan jini a irin wannan zama. Abin da ya fi ci mana rai shi ne yaran da aka haifa a can: haihuwa a Saudiyya ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa, kuma yaron da iyayensa ba su da igama yakan tashi ba takarda, ba makaranta. Ranar da aka sauke shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, baƙo ne a garin ubansa.

To, babu hanyar zama ta halal ga wanda ya tsufa? Akwai, amma ta masu hali ce. A 2019 Saudiyya ta fito da igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili, a kan riyal 800,000 ta dindindin, ko 100,000 duk shekara. Dubai na ba wanda ya kai shekara 55 bizar ritaya ta shekara biyar, in ya nuna dukiya ko kuɗin shiga. Ko'ina tambayar ɗaya ce: wa zai ciyar da kai, wa zai biya maka magani? Mu ma nan haka muke yi. Baƙon da ya zo haƙar ma'adinai a Riruwai sai ya mallaki katin zama na CERPAC daga Hukumar Shige da Fice.

Ku kuwa da kuke aji, taku ƙofar ta fi ta Kaka faɗi. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana ɗaukar ɗalibai maza daga Nijeriya da tallafin karatu, kuma ita ce kafilinsu har su gama. Takardar sakandare mai kyau take nema, ba kuɗin dillali ba.

In an miƙo muku takardar tafiya a gida, ku fara da fasfo: ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ku duba irin bizar da aka rubuta, domin a Nuwamban 2023 an soke bizar fasinjoji 177 da suka tashi daga Legas da Kano bayan sun sauka Jidda, aka juyo da su. Ku rubuta ranar fita da manyan baƙi, ta Hijira da ta Miladiyya, ku sa a jakar Kaka. Ku ɗauki hoton fasfon da bizar ku ajiye a waya. In kuma wata hajiya ce ta zo neman yayarku, ta ce za ta biya kuɗin jirgi ta riƙe fasfo har a biya ta da aikatau, ku gaya wa Baba akwai ofishin NAPTIP a Kano, hukumar da ke yaƙi da safarar mutane, ya je ya tambaya kafin a sa hannu.