Wa Zai Rubuta Labarin Zangonmu?

A nan Zebilla, idan yaro ya ce zai shiga jami'a ya karanta ilimin al'umma da al'adu, wato antiropoloji, iyaye sai su tambaya: "Wannan karatu yana ba da abinci?" Suna da hujja, amma bari mu duba.

Ɗalibin digirin farko yana nazarin dangantaka, aure, gado, sarauta da mallakar ƙasa. Ana koya masa ya zauna da mutane, ya saurara, ya rubuta. Jami'ar Cape Coast tana koyar da shi. Dokta Busia, Firayim Ministan Gana daga 1969 zuwa 1972, a wannan fanni ya yi digirin dokta a Oxford.

A 1934 Bature Meyer Fortes ya zo ya zauna cikin maƙwabtanmu Talensi, har yau ana karanta littattafansa. Mu fa? Alhaji Umaru, Bakanon da ya bar Salaga bayan yaƙin 1892, ya rubuta tarihi da Hausa da Larabci. Bayansa mun yi sakaci. Tsofaffin da suka ji labarin fataken goro daga bakin kakanninsu suna ta ƙarewa.

Ga kuma rigingimun sarauta na Bawku da Yendi. In suka tashi, kasuwa ta tsaya, mu 'yan zango mu sha wahala. Masu sulhu suna bukatar wanda ya san tushen maganar.

Saboda haka iyaye, kada mu hana yaranmu wannan karatu.