Gilashi a Cikin Kusheyi

Kowane yaro a Ikara ya san fasasshiyar kwalba. In aka binne ta tare da tsumma da kara, bayan damina biyu tsumman ya ruɓe, gara ta cinye karan, amma kwalbar tana nan yadda take. Shi ya sa gilashi ke iya ba da labarin mutanen da.

Da rairayi da kanwa ake yin gilashi, a narka su da wuta mai tsanani. Rumawa sun gwanance da wannan sana'a kamar shekara 2,000 da suka wuce. Sukan ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, su yi ta hurawa har ya zama kofi ko kwalbar turare. A zamanin nan, in babban mutum ya mutu akan binne shi da kayansa masu daraja. An tono irin waɗannan kaya na Rumawa a kusheyin Fazzan, can tsakiyar Hamada, watau ƙasar da ayari ke ratsawa daga baya tsakanin Tarabulus da Kano.

A ƙasar Hausa ma an yi wannan al'ada kafin Musulunci ya kafu sosai. Gabas da birnin Katsina, cikin ƙasar Mani, akwai wasu tuddai da ake kira Durɓi Takusheyi, inda aka binne manyan mutane. Wani Bature mai suna Palmer ya fara tona su a 1907. A 1992 masanan Nijeriya da na Jamus suka tona uku. Suka sami duwatsun ado na gilashi, da 'yan kunne na zinariya, da kuɗin wuri, da tasa wadda aka ƙera a ƙasashen Larabawa. Kayan sun fi shekara 400 a ƙasa.

Wuri daga teku yake fitowa, ga shi kuwa Katsina nesa take da teku. Ashe tun zamanin nan fatake suna haɗa Hausawa da ƙasashe masu nisa.

Saboda haka manomin da garmarsa ta tono tsofaffin duwatsu ko tukwane, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya bar su inda suke, ya gaya wa dagaci, gama in an watsa su labarinsu ya ɓace ke nan.

Tambayoyi
1. Da me ake yin gilashi?
2. Me aka samu a Durɓi Takusheyi?